Kafin ka ɗauki laftof ka bar Sakkwato: yadda za ka lissafa tsadar zama a waje in aikinka na intanet ne

Tun da na dawo daga Kigali, babban birnin Ruwanda, ban huta da tambaya ba, ko daga masallaci na fito sai wani yaro ya tare ni, yaya nawa ne haya a can, yaya wai da gaske ba a ɗauke wuta, yaya dala nawa za ta ishe ni a wata. Na gaji da amsawa a tsaye bakin hanya shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata in tura mishi ya karanta da kanshi.

Ni aikina haɗa shafukan intanet ne, kwastomomina mafi yawa suna Ingila da Kanada, ina zaune Mabera ina yi musu aiki suna biyana da dala. Abin da ya kore ni kuwa watan Afrilu ne. Duk ɗan Sakkwato ya san mi nake nufi, zafi ya haura 40, ba wuta, laftof ta ɗau zafi fankarta na kuka kamar injin markaɗe, janareta na shan mai, kai kuma kana gaban kyamara kana murmushin dole gumi na bin bayanka. Ranar da janareta ta mutu ana tsakar miting na fita da gudu na ja igiya har sau bakwai, na dawo na iske mutane sun watse, a ranar na ce wallahi sai na bar garin ga. Na tafi, na ji daɗi ba ƙarya, amma na yi kurakuran lissafi da sunka ci min kuɗi ba gaira ba dalili, su nake so ka kauce ma. Kuma tun yanzu in gaya maka, tambayar nawa ne haya ita ce ta kusan ƙarshe, akwai tambayoyi biyar gabanta.

Mataki na farko: nawa kake samu tsakaninka da Allah

Ba watan da ka fi samu ba, ba wanda ka ɗauki hoton alat ka tura ma abokai ba. Buɗe akawun ɗinka ka duba wata 12 da sunka wuce, ka zaɓi uku mafi muni, ka haɗa ka raba uku. Wannan shi ne albashinka. A ce watannin sun ba ka dala 900 da 1,000 da 1,100, to kai mai dala 1,000 ne ko da akwai watan da ka ga 2,500, don mai gidan haya a ƙasar mutane bai san wani abu wai kwastoma ya yi shiru ba.

Daga nan ka cire abin da ake zabtarewa kafin kuɗin su iso hannunka. A shafukan da ake samun aiki ta intanet, Fiverr na ɗaukar kashi 20 cikin ɗari na kowane aiki, Upwork ma na cire nata, sannan in za ka fitar ta Payoneer ko Grey ko akawun dala na banki akwai kuɗin cira da bambancin canji. Mu ɗauka kashi 10 ya tafi, saura 900. In kuma kwastoma ɗaya tak gare ka, to ka tsaya nan tukuna, ka nemi na biyu ko ka samu kwantiragi a rubuce na wata shida zuwa shekara, don mai igiya ɗaya a rijiya in ta tsinke ya zauna da ƙishi.

Mataki na biyu: gida ba ya barinka don ka hau jirgi

Wannan ne wurin da duk lissafin da Turawa ke yi a YouTube ba ya yi mana aiki, su mutum ɗaya ne da jakarshi. Kai kuwa akwai Inna da Baba, akwai kuɗin makarantar ƙanne, buhun gero da shinkafa, biki, suna, ragon layya, kayan azumi, da zakka in ajiyarka ta kai nisabi ta shekara. Ka rubuta abin da kake kashewa gida a shekara ka raba 12. Sannan ka ƙara wani abu a kai, don da zarar an ji kana waje farashinka ya tashi, wanda da kake ba dubu biyar ya yi godiya yanzu zai ce ai dala kake kwasa. Ni a wata na biyu sai da na riƙa kashe data bayan isha'i, ba don rowa ba, don kowa na da uzuri na gaskiya kuma aljihun ɗaya ne.

A misalinmu a ce gida na cin 250, ajiya kuma 150, kada ka taɓa ta. Saura 500. Ka ga daga dala 1,000 mun dawo 500, kuma da wagga 500 ɗin za ka yi haya da ci da sha da mota da intanet da magani. Riƙe wannan lambar, ita za ka kai kasuwa.

In da iyali za ka tafi lissafin ya canza gaba ɗaya, ɗaki ɗaya ba zai yi ba, biza kowa da tashi, makarantar yara ta kuɗi ce musamman in ƙasar ba Turanci ake koyarwa da shi ba, kuma matar da ta saba da dangi da maƙwabta za ka ajiye ta a bene ita kaɗai kana manne da kwamfuta. Shawarata ka fara zuwa kai ɗaya ka ga wuri.

Mataki na uku: mi kake son saye a can

Zauna ka amsa wannan da gaskiya. In amsar ita ce wuta da intanet da sanyi kawai, to je wurin masu sola tukuna su yi maka lissafin fanel da inbata da batir lithium da zai ɗauki laftof da fanka da firij, in da hali har ƙaramar esi, ka ƙara da Starlink, intanet na tauraron ɗan adam, da ya shigo Najeriya tun Janairun 2023 ko layi biyu na kamfani daban-daban. Rana dai Allah Ya hore mana ita har ta yi yawa. Ka kwatanta wannan kuɗin da na tikiti da hayar wata uku a waje, sau da yawa za ka ga sola ta fi sauƙi kuma taka ce har shekaru. Ga kuma wani abu, tun da anka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, mai samun dala yana kashe naira a Sakkwato shi ke da riba, ranar da ka fita ka bar wannan ribar a gida.

Amma in abin da kake nema ya haɗa da haɗuwa da masu sana'a irin taka, ko kwastoman da ke ƙin ba da aiki in ya ga Najeriya a adireshi, ko hanyar samun takardar zama ta dindindin, ko dai kawai kana son ganin duniya, to wannan dalili ne, mu ci gaba.

Mataki na huɗu: ina koren fasfo ke iya shiga

Hangen Dala ba shiga birni ba ne, haka hangen dala ma. Kada ka fara da inda ya fi kyau a hoto, fara da inda ƙofa ke buɗe maka.

Mafi sauƙi ƙasashen ECOWAS, Gana, Benin, Togo, Senegal, Kwaddibuwa da sauransu, kwana 90 ba biza. Bayan nan sai ka nemi takardar zama. Gana na da daɗi ga Bahaushe don in ka shiga Nima ko Mamobi ko Sabon Zongo a Accra, ko zangon Kumasi, Hausa za ka yi ta yi, ga masallaci ga waake ga koko da ƙosai, amma Accra ba ta da arha ko kaɗan, kuma masu gida kan nemi hayar shekara ɗaya ko biyu a dunƙule duk da cewa dokarsu wata shida ta yarda. Nijar kuwa da muke ganin gida ce, daga Illela ka taka ka shiga Ƙonni, ita da Mali da Burkina Faso sun fita ECOWAS a Janairun 2025, don haka kada ka dogara da yadda anka saba, tambayi wanda ya ƙetare a satin nan kafin ka kama hanya.

Sai irin su Ruwanda, ɗan Afirka na samun kwana 30 kyauta a filin jirgi, in za ka wuce haka ka nemi ƙari wurin hukumar shige da fice tun kwanakin ba su ƙare ba, kada ka bari rana ɗaya ta hau kanka. Moris, wato Mauritius, na da abin da suke kira Premium Visa tun 2020, ba a biyan kuɗin biza, ana iya zama har shekara, amma sai ka nuna kana samun dala 1,500 a wata. Masar kuma ɗalibanmu sun cika ta saboda Azhar, ba za ka rasa wanda zai riƙe hannunka a Alƙahira ba, amma sai da biza.

Sai manyan, masu biza ta musamman don masu aiki daga nesa. Ga inda lambar nan taka za ta gaya maka gaskiya. Maleshiya na da DE Rantau tun 2022, masu aikin fasahar zamani sai sun nuna dala 24,000 a shekara, wato 2,000 a wata. Dubai dala 3,500 a wata, kuma ka tuna sun taɓa rufe ma 'yan Najeriya biza daga 2022 har zuwa Yulin 2024. Fotugal na neman ninki huɗu na mafi ƙarancin albashinsu, a 2025 albashin yuro 870 ne, ka ga yuro 3,480 ke nan duk wata. Estoniya yuro 4,500. Waɗannan lambobin ba mugunta ba ce, kusan suna gaya maka abin da zama can ke ci ne, in ba ka kai ba da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kuma bizar yawon buɗe ido ta Schengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, wadda kuɗinta ya koma yuro 90 a Yunin 2024, kwana 90 ne kawai cikin 180, ba ta zama ba ce. Duk ejen da ya ce kawo miliyan kaza zai yi maka sitetimen na banki ya samo maka biza, ka riƙe kuɗinka, in anka kama takardar jabu sunanka ne zai shiga kwamfutarsu ba nashi ba.

Mataki na biyar: kuɗin bakin ƙofa

Wannan ne ya kayar da ni. Na yi lissafin wata-wata tsaf amma na manta da cewa kafin ka kwana ɗaya a can ka riga ka kashe kusan na wata uku. Ɗauko biro.

Fasfo, daga 1 ga Satumban 2025 mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma 200,000, kuma in naka saura ƙasa da wata shida ya mutu ka sabunta kafin komai. Katin rigakafin shawara, wanda ake ce ma yalo kad, kada ka raina shi, ana iya tsayar da kai a kanshi. In ƙasar mai biza ce akwai takardar shaidar ɗan sanda, da buga hatimi a ma'aikatar harkokin waje a Abuja, da inshora, wani lokaci da fassara takardu. Mu 'yan Sakkwato muna da ƙarin haraji da ɗan Legas bai sani ba, komai sai ka je Abuja ko Legas, ko ka hau jirgi daga filin Sultan Abubakar III ko ka kwana a hanya ta Gusau da Funtuwa, ga masauki ga abinci, kuma da wuya a gama a zuwa ɗaya. Rubuta zuwa biyu.

Sai tikiti, kuma ka sayi na zuwa da dawowa don a filin jirgi ana yawan tambayar na dawowa. Sai masaukin kwanakin farko, sati ɗaya zuwa biyu a Airbnb ko ƙaramin otal, wanda kullum ya fi haya tsada nesa ba kusa ba. Sai hayar farko, da difozit na wata ɗaya ko biyu, da kamishon dillali. Kada ka tura ma kowa kuɗin gida kana Sakkwato don ka ga hoto mai kyau. Ni na kusa faɗawa, hoton ɗaki fes, da na je na iske tagar na kallon wurin walda, daga ƙarfe bakwai na safe ba mai iya miting a ɗakin nan. Ka je da ƙafarka, ka buɗe famfo, ka kunna wuta, ka zauna a inda za ka ajiye tebur ka gwada gudun intanet da wayarka, in da hali ka dawo da dare ka ji unguwar.

Sai ƙananan da ke cin mutum a ɓoye, katifa in ba kaya a gidan, tukunya, risho ko gas, bokiti, labule, tebur da kujerar da ba za ta karya maka baya ba, layin waya da rajistarshi. Kowanne kaɗan ne, in sunka haɗu sai ka riƙe baki.

Mataki na shida: yanzu ne za ka tambayi nawa ne haya

Kuma ba Google kaɗai za ka tambaya ba. Shafi irin Numbeo zai ba ka hoton sama-sama, amma yawancin masu cika shi ba irin rayuwarka suke yi ba. Nemi mutum biyu ko uku da ke zaune can, ɗalibi ɗaya, mai iyali ɗaya, ka tambaye su abubuwa takamaimai, hayar ɗaki da falo a unguwarsu, kilon shinkafa, kilon nama, kiret ɗin ƙwai, kuɗin mota zuwa tsakiyar gari, intanet na gida a wata. In ɗalibi ya ce kaza, ƙara rabi a kai, don shi su huɗu ne a ɗaki kuma ba ya buƙatar shiru.

Ƙa'idata haya kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na lambar nan taka, in ta matsa ƙwarai kashi 40. Mai 500 ke nan ya nemi gidan 170 zuwa 200. In ka duba garin ka ga ba wurin da mutum zai zauna da mutunci a haka, to garin ba naka ba ne yanzu, ba abin kunya ba ne. Kuma kowane birni fuska biyu gare shi, unguwar baƙi da ake faɗin farashi da dala da unguwar 'yan gari. A Kigali ni Nyamirambo na zauna, unguwar Musulmi ce, kiran salla na shigo maka har ɗaki, nama halal ba sai ka yi ta tambaya ba, da yamma in gangara Biryogo in sha shayi. Garin na kan tudu, sanyi gare shi, ban kunna ko fanka ba, ka ga kuɗin esi da na man janareta sun fita daga lissafi, wutar kuma ta kati ce kana saye ta waya. Amma in Dubai ko Alƙahira ka nufa lokacin zafi, kuɗin sanyaya ɗaki na nan na jiranka, in Turai ce kuma na ɗumama ɗaki.

Abinci shi ne inda za ka ci riba ko ka faɗi. In ba ka iya girki ba je ka zauna kusa da Inna sati biyu kafin tafiya, ba wasa nake ba. A Sakkwato ka saba a aiko maka da tuwo, ka fita ka sayi fura da nono, da dare ka tsaya wurin mai tsire, a can duk abin da wani ya dafa maka sai ka biya hannunshi. Satin farko ina cin abincin waje sau biyu a rana, da na duba abin da ya fita ba wanda ya ce min in tafi kasuwar Kimironko in sayo wake da shinkafa da dankali. Kuma ka ci abin da 'yan gari ke ci, in ka nace sai garin tuwo da daddawa da man ja daga shagon 'yan Najeriya to za ka biya kuɗin jirginsu.

Zirga-zirga ba ta da yawa tunda aikinka a ɗaki yake, a Kigali 'yan kabu-kabu ne ko'ina kuma dole ka sa hular kwano. Intanet kuwa kada ka yi mata rowa, ita ce gonarka, na gida ɗaya da data a waya ta wani kamfani daban don ko ta kwana. Wurin aiki na haya da ake biya a wata ba dole ba ne, amma ko sau ɗaya a sati ka je, kaɗaici na da nashi tsada, mutum in ya gaji da bango huɗu sai ya fara kashe kuɗi a banza.

Lafiya. Mu mun saba in zazzaɓi ya kama ka ka leƙa kemis ɗin unguwa ko ka kira ɗan'uwa da ke aiki asibiti, a can kai baƙo ne kuma farashin baƙo daban. Ka yanki inshora, ka karanta abin da ta ɗauka da wanda ba ta ɗauka ba, musamman in kana da ciwon da ka daɗe da shi kamar sikila ko asma ko olsa. Bizar Schengen ma ba a ba ka sai da inshorar da ta kai yuro 30,000.

Mataki na bakwai: hanyar kuɗi

Kuskuren da na ga mutane na yi, dala ta shigo su mayar da ita naira, sannan su nemi mayar da nairar kuɗin ƙasar da suke, an yanke su sau biyu ke nan. Ka bar kuɗinka a dala, ka canza na gida zuwa naira kai tsaye, na zama kuma zuwa kuɗin can kai tsaye. Ka tafi da kati biyu na wurare daban, kada ka dogara da katin naira don ko yana aiki a waje akwai iyaka a kanshi. Akwai ranar Juma'a da wani kamfanin da nake karɓar kuɗi ta wurinshi ya kulle min akawun don ya ga na shiga daga wata ƙasa, sai da na yi kwana biyar ina tura hoton fasfo, abin da ya cece ni 'yan dalolin da na naɗe cikin safa. To ka riƙe tsabar kuɗi na sati biyu aƙalla, sababbin takardu don 'yan canji na ƙin tsofaffi, kuma in abin da ka ɗauka ya haura dala 10,000 sai ka bayyana a filin jirgi. Layinka na Najeriya kada ka bari ya mutu, ta nan lambar sirri ta banki ke shigowa.

Ka kuma san halin kuɗin ƙasar. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, ba ta rawa sai dai in dala da yuro sun motsa. Fam ɗin Masar ya faɗi a Maris 2024 daga wajen 31 zuwa kusan 50 a dala, mai dala ya ji daɗi na ɗan lokaci kafin kaya su biyo. A Gana kuma akasin haka anka gani a 2025, sidi ya yi ƙarfi daga wajen 15 zuwa kusan 10 a dala cikin 'yan makonni, wanda ke karɓar dala ya wayi gari hayarshi ta ƙaru da kusan rabi ba tare da mai gida ya ƙara ko sisi ba. Saboda irin haka ka bar sararin kashi 15 zuwa 20 a bajet ɗinka.

Mataki na takwas: haraji da doka

Ba mai son jin wannan amma dole. Ƙasashe da yawa in ka yi kwana 183 a cikinsu cikin shekara sun ɗauke ka mazauni, suna iya neman haraji kan abin da kake samu. Najeriya kuma sabuwar dokar haraji da anka sa ma hannu a Yunin 2025 ta fara aiki Janairun 2026 ta ce mazauni na biya kan abin da ya samu ko daga ina ya fito, naira 800,000 na farko a shekara ne ba haraji, kuma fita ba ta cire ka kai tsaye in gidanka da iyalinka na nan. In za ka wuce wata shida ka biya akanta ya duba maka, kuɗin zama ɗaya ne. Sannan izinin shiga a matsayin baƙo ba izinin aiki ba ne, kada ka je ka kama aiki da kamfanin ƙasar a kanshi. In kuma kai ma'aikacin kamfani ne ba mai zaman kanka ba, gaya musu kafin ka tashi, wasu kwantiraginsu ya hana aiki daga wata ƙasa kuma suna gani a kwamfuta.

Agogo ma ka duba shi. Accra na bayanmu da awa ɗaya, Kigali na gaba da ɗaya, Nairobi biyu, Dubai uku, Kuala Lumpur bakwai. In kwastomanka na New York kai kana Maleshiya bambancin awa 12 ne ko 13, miting ɗin ƙarfe biyu na ranarsu kai biyu ko ukun dare ne, ka yi asuba ka kwanta, wata uku a haka jikinka zai gaya maka.

Mataki na tara: gwaji, da kuɗin dawowa

Kada ka sallami ɗakinka, kada ka sayar da mashin ko sola, kada ka yi walimar bankwana. Je ka yi wata ɗaya, kuma duk abin da ka kashe ko ruwan gora ne rubuta shi a waya a take, da dare ka haɗa. Ranar 30 ka cire kuɗin bakin ƙofa ka ga abin da ya rage, shi ne ainihin tsadar garin gare ka, ba ta wani ba. In ta haura lambarka ka dawo ka ƙara ƙarfi, in ta zauna daidai sai ka nemi hayar dogon lokaci, a nan ne ma ake samun ragi.

Kafin ka tashi kuma a samu kuɗi kashi biyu da ba a taɓawa, na zaman wata uku ko da aiki ya tsaya cak, da na tikitin gaggawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa rasuwa ba ta jira, in anka kira ka da asuba kafin azahar an kai, ko ba ka samu jana'iza ba za ka so ka iso zaman makoki, tikitin da anka saya yau don gobe kuma kowa ya san yadda yake, ga na Abuja zuwa Sakkwato a kai. Haka zuwa Sallah, sa shi cikin lissafin shekara tun yanzu ka raba 12, don duk cika bakin da ka yi cewa ba za ka zo ba, in Inna ta kira ta ce ko ba ka zuwa ne, za ka zo.

Kayan da za ka ɗauka kuma kada ka cika jaka da tufafi. Yaji, kuka, kuɓewa busassa, daddawa a ɗaure da kyau cikin roba mai murfi don kada ta yi maka tallar kanta a jirgi. Kilishi ka bincika tukuna, Turai ba a shiga da nama. In Ruwanda za ka kada ka zuba kaya a leda, sun hana ta tun 2008 kuma ana karɓewa a filin jirgi. Sannan ka sayi adafta tun a kasuwa nan gida, Gana da Dubai da Maleshiya soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku, amma Kigali da Alƙahira da Lisbon mai ƙafa biyu zagayayyu ne, ni daren farko da laftof mai caji kashi 9 na kwana ina kallon bango, washegari kuma Asabar ɗin ƙarshen wata ce, ranar aikin gayya da suke kira Umuganda, shaguna ba su buɗe ba sai wajen sha ɗaya.